Yadda Ake Kama 'Ya'yan Kifi a Akwatin Gilashi Mai Shuka Ba Tare da An Ɓata Shukar Ba

Duk wanda ya ajiye ƙananan kifayen ado irin su gupi ko moli a akwatin gilashi a falonsa, ya kuma ƙawata shi da shukar ruwa, akwai safiyar da zai zo zuba abinci ya hangi wasu ƙananan idanu suna leƙowa daga tsakanin ganye. Haihuwa aka yi cikin dare. Abin da ke fara zuwa zuciyar mutum a wannan lokaci shi ne ya ɗauko koma ya shiga farauta kafin manyan su cinye jariran, kuma wannan hanzarin ne yake jawo asarar da ta fi ta 'ya'yan kifin. A karona na farko, a gidanmu da ke Unguwar Rimi a Kaduna, na tumɓuke shukar da ta shafe wata biyar tana kafa saiwa, na dama ruwan har ya yi duhu, abin da na kama bai wuce guda huɗu ba, biyu daga cikinsu kuma suka mutu kafin magariba. Tun daga ranar na daina bin ɗan kifi da gudu. Yanzu shirya masa hanya nake yi ya zo da kansa.

Da farko ka tantance ko akwai buƙatar kamun

Gupi, moli, filati da mai wutsiyar takobi ba ƙwai suke sakawa ba, 'ya'ya suke haifa, kuma jaririn yana iyo tun daga mintin da ya fito, na gupi tsawonsa kusan milimita 6 zuwa 7 ne. Macen gupi tana ɗaukar ciki na kimanin mako huɗu, tana kuma iya ajiye maniyyin namiji a jikinta ta ci gaba da haihuwa sau da yawa ko da an raba su. Ma'anar wannan ita ce haihuwar yau ba ita ce ta ƙarshe ba, wata mai zuwa ma za ka sake ganin wasu. Idan akwatinka ya cika da gansakukar Jaba (wata gansakukar ruwa mai duhu) da kainuwa mai dogayen saiwoyi, kuma babu babban kifi mai farauta a ciki, wasu daga cikin 'ya'yan za su tsira ba tare da ka sa hannu ba. A irin wannan hali shawarata ita ce ka bar su.

Kamun yana zama dole ne idan akwai kifin da bakinsa ya isa ya haɗiye su kuma shukar ba ta da duhu, ko kana son kiwon wani launi na musamman, ko kuwa yawansu ya fara fin ƙarfin akwatin. Akwai kuma kifayen da iyayensu ke gadin 'ya'ya, kamar kiribensis, wanda asalinsa daga kogunan kudancin Najeriya da Kamaru ne. Su waɗannan ba a taɓa 'ya'yansu sai sun yi mako uku zuwa huɗu, domin renon iyaye ya fi naka.

Masauki kafin kamu

Kada ka kama ko da guda ɗaya kafin ka shirya inda za ka sauke shi. Ƙaramin akwatin gilashi mai cin lita 20 zuwa 40 ya wadatar, idan kuma babu, sabuwar roba mai faɗi wadda ba a taɓa sa mata sabulu ko omo ba za ta yi. Ka cika masaukin da ruwan da ka ɗebo daga babban akwatin, domin shi ne ruwan da aka haife su a ciki, zafinsa da sinadaransa duk jikinsu ya saba da su. Kada ka zuba tsakuwa a ƙasa, saboda ka riƙa ganin ragowar abinci da kashi kana zuƙewa. Ka jefa dunƙulen gansakuka guda, su sami wurin ɓuya da ƙananan halittun da za su riƙa tsinta.

Matacin da ya dace da masauki shi ne na soso wanda famfon iska ke tafiyarwa, domin ba ya zuƙe jarirai. Abin da ya fi kyau shi ne sosan ya riga ya yi mako biyu ko fiye yana aiki a babban akwatin, ya tara ƙwayoyin halittar da ke cinye gubar amoniya da ke fitowa daga kashin kifi. Saboda haka da zarar ka ga cikin mace ya fara cika, baƙin tabon da ke kusa da wutsiyarta kuma ya ƙara duhu, to lokacin sa soso a ruwa ya yi.

Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 28, kuma bambancin masauki da babban akwati kada ya wuce digiri ɗaya ko biyu. Wannan batu yana da nauyi a Kaduna. A watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba na hunturu yana sanyaya ƙaramin ruwa da sauri fiye da babba, har mutum ya wayi gari ya tarar da jarirai sun kwanta a ƙasa ba motsi. Idan ba ka da hita ta biyu, ko wutar unguwarku ba ta tsayawa, ya fi maka ka rataya ƙaramin keji na raga a cikin babban akwatin, su zauna a ruwa ɗaya da manyan amma baki ba ya kai gare su. A watannin Maris da Afrilu kuwa matsalar akasin haka ce, sai a nisanta masaukin daga taga da rufin kwano mai zafi.

Kayan aiki da tsabtar hannu

Za ka buƙaci 'yar koma mai laushin raga guda biyu, kofin roba wanda ake ganin cikinsa, farin bokiti, siririn tiyo na famfon iska, babban sirinji ba allura, tocila, da gorar ruwa ta roba wadda ba komai a ciki. Bokiti da kofi da roba duk ana samunsu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko kowace kasuwar unguwa, sharaɗin kawai shi ne su zama na kifi kaɗai, kada su koma kicin ko wurin wanki. Na fi son farin bokiti saboda ɗan kifi kusan ba shi da launi, idanunsa kaɗai ake gani, a baƙin bokiti kuwa sai ka zubar da shi ba ka sani ba.

Ka wanke hannunka har gwiwa da ruwa zalla, ka ɗauraye sosai. A lokacin hunturu kusan kowa yana shafa mai ko basilin, kuma ɗan abin da ya rage a fata yana yin yanar maiƙo a saman ruwa. Haka nan kada a yi wannan aiki a ɗakin da aka fesa maganin sauro ko aka kunna na hayaƙi, domin sinadaran da ke kashe sauro guba ne mai ƙarfi ga kifi, jarirai kuma su ne suke fara mutuwa. Bokitin da ke buɗe a ƙasa ya fi komai ɗaukar wannan guba.

Shirya akwatin

Ka hana manyan kifin abinci na yini guda, amma gab da fara aiki ka ba su su ƙoshi a kusurwa ɗaya, hankalinsu ya tafi can. Ka kashe matacin ruwa, saman ruwan ya kwanta ka riƙa gani sosai. Ka kashe hita ka bar ta ta huce na minti goma sha biyar kafin ka rage ruwa, domin hita mai zafi idan ta fito iska tana iya fashewa. Daga nan ka rage kimanin kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka zuba shi a masauki da bokiti. Ruwa idan ya ragu, wurin gudu ma ya ragu.

Shukar da ba ta da saiwa a ƙasa ita kaɗai za ka ɗaga. Kainuwa, gansakuka da anubiyas ɗin da aka ɗaure a jikin itace ko dutse duk ana iya ɗaga su, amma ba a ɗaga su kai tsaye zuwa iska. Ka nutsa kofi ko ƙaramar roba a ƙarƙashin shukar, ka tura ta ciki tana cikin ruwa, sannan ka ɗago su tare. Sau da yawa rabin aikinka ya ƙare a nan, domin jarirai sabbin haihuwa suna son laɓewa a saiwar kainuwa kusa da saman ruwa. Ka girgiza shukar a hankali a cikin farin bokiti ka ƙidaya abin da ya fito. Balisneriya da duk wata shuka mai saiwa a cikin yashi kuwa, ka ƙyale su inda suke. Tumɓuke su yana tsinka saiwa, yana kuma tayar da ruɓaɓɓen dattin da ya kwanta a ƙasa, ruwan ya gurɓace a daidai lokacin da kifin ke cikin firgici.

Kamu da kofi

Wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita ga jarirai 'yan kwana ɗaya zuwa bakwai, domin ba a fitar da su daga ruwa ko na daƙiƙa ɗaya. Ka barbaɗa garin abinci kaɗan a saman ruwa kusa da inda suke ɓuya, ka janye hannunka ka jira. Bayan minti biyu ko uku za su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ka kawo kofin a karkace, ka danna gefen bakinsa a hankali ƙasa da saman ruwa kusa da su, ruwan da ke kwarara cikin kofin shi ne zai ja su ciki. Kana ganin sun shiga sai ka miƙar da kofin ka ɗago. A wurin saukewa ma ka nutsa kofin cikin ruwan masauki ka karkata shi su fita da kansu, kada ka kwarara su daga sama.

Kamu da koma biyu

Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma a akwatin gilashi maganar gaskiya ce tsantsa. Komar da ke motsi da sauri ita ce ɗan kifi yake gudu, wadda ta tsaya cik kuwa bayan ɗan lokaci yakan ɗauke ta kamar wani ganye. Saboda haka ka jingina babbar komar a jikin gilashin gaba, bakinta yana kallon shuka, ka bar ta ba motsi har kifin su manta da ita. Da ɗaya hannun ka yi amfani da ƙaramar komar ko siririn tsinke kana kaɗa ganye daga baya, kana korarsu a hankali kamar yadda makiyayi ke kora tumaki zuwa ƙofar garke. Idan sun shiga, ka ɗago komar zuwa saman ruwa kawai, ka tura kofi a ƙarƙashinta, ka ɗauke su cikin ruwa. Jikin jariri yana da taushi ƙwarai, idan ya manne a busasshiyar raga sai maiƙon da ke kare fatarsa ya goge, cuta ta sami ƙofa. Kada ka taɓa shi da yatsa don ka ɓamɓaro shi, ka mayar da ragar cikin ruwa ya saki kansa.

Idan ka yi minti ashirin kana wannan aiki, ka tsaya ko da ba ka gama ba. Kifin da aka daɗe ana kora yakan shige can ƙarƙashin itace ya ƙi fitowa, manyan ma sukan firgita su yi ta karo da gilashi.

Sirinji da tiyo don masu ɓuya a lungu

Akwai waɗanda suke shigewa tsakanin duwatsu ko gindin shuka inda koma ba ta kaiwa. Ga irin waɗannan, ka yanke bakin babban sirinji ya ƙara faɗi, ka goge kaifin wurin yankan, ka kai bakin kusa da ɗan kifin daga baya, ka ja a hankali. Ja mai ƙarfi yana karya shi. Wannan dabara ta sabbin haihuwa ce kaɗai, wanda ya yi mako biyu ya fi ƙarfinta.

Tiyo ma yana aiki, amma da sharaɗi. Ka ɗora bokitin a kan kujera, kada ya zama a ƙasa, domin gwargwadon nisan da ke tsakanin saman ruwa da bokiti, gwargwadon ƙarfin zuƙar. Ka fara zuba ruwa kaɗan a bokitin don kada su faɗo a kan busasshiyar roba. Ka toshe bakin tiyon na waje da babban yatsa, ka kai ɗaya bakin kusa da kifin, ka saki yatsa na ɗan lokaci, ka sake toshewa. Da tiyon famfon iska, wanda faɗin cikinsa bai wuce milimita 4 ba, jarirai mafi ƙanana kaɗai za su wuce lafiya, idan sun ɗan tasa ka nemi mai faɗi.

Tarkon gora

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kogin Kaduna ya ga masunta suna ɗaga gura, wato tarkonsu na kifi, ya riga ya fahimci wannan dabara: ƙofa mai faɗi daga waje, matsattsiya daga ciki, shiga da sauƙi, fita da wuya. A akwatin da shuka ta yi duhu sosai, babu hanyar da ta kai ta, kuma ita ce ba ta taɓa ganye ko ɗaya.

Ka samu gorar ruwa ta rabin lita, ka cire takardar jikinta, ka ɗauraye ta da ruwa zalla. Ka yanke ta a daidai kafaɗa, inda ta fara tsukewa zuwa wuya. Murfin kada ka jefar da shi, domin bakin gora a buɗe yana da faɗin da babban gupi zai shiga, idan kuwa ya shiga ka haɗa masa kalaci da hannunka. Ka ɗora ƙusa a wuta ka huda tsakiyar murfin, ramin ya kai milimita 4 zuwa 5, ka goge gefensa ya yi santsi, ka mayar da murfin. Da allura mai zafi ka yi ƙananan huji masu yawa a jikin gorar domin ruwa ya riƙa shiga yana fita. Ka zuba 'yar tsakuwa daga akwatin a ciki don ta nutse, ka sa abinci kaɗan wanda bai fi ƙwayar gero biyu ko uku ba, sannan ka juya yankakken saman ka cusa shi cikin gangar jikin, murfin yana kallon ciki. Idan bai kama sosai ba ka huda gefe biyu ka ɗaure da zare. Ka ɗaura wani dogon zaren da za ka jawo ta da shi.

Ka nutsa gorar ka fitar da duk iskar da ke ciki, ka kwantar da ita a gefen shukar da suka fi taruwa, ka rage hasken ɗakin, ka bar wurin. Yara ma a roƙe su su ja baya, domin inuwar mutum a jikin gilashi tana hana jarirai fitowa. Ka duba bayan rabin awa. Kada tarkon ya wuce awa ɗaya zuwa biyu ba a ɗaga shi ba, kuma kada ka kwana da shi a ruwa, saboda iskar da ke cikin gorar tana ƙarewa, abincin kuma yana ruɓewa. A ranar farko wataƙila biyar za ka samu, washegari takwas. Cikin kwana uku ko huɗu yawanci an kwashe mafi yawansu, shuka kuma tana nan yadda take.

Kamun dare

Waɗanda suka gagara da rana ana samunsu da dare. Ka kashe fitilar akwatin da ta ɗakin, ka bar su cikin duhu na awa biyu. Kifin da ya yi barci yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya wartsake, don haka idan ka haska tocila mara ƙarfi daga gefe za ka gan su a tsaye kusa da saman ruwa ko a kan ganye, ka ɗebe su da kofi cikin sauƙi. Daren da aka ɗauke wuta ya dace da wannan aiki, muddin dai masaukin yana da famfon iska mai batir.

Kafin ka sake kunna matacin babban akwatin, ka buɗe shi ka juye ruwan cikinsa a farin bokiti. Ba sau ɗaya ba na tarar da jarirai da ransu a can ciki. Daga nan ka rufe bakin da ke zuƙar ruwa da guntun soso. Ruwan da za ka cike akwatin da shi, idan na famfo ne, ka sa masa maganin kashe kulorin, sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo wanda ke cutar da kifi, idan na rijiya ko burtsatse ne ka bar shi ya kwana a ɗakin zafinsa ya daidaita, ka zuba a hankali ta kan faranti don kada ya tone yashi. Sai ruwa ya rufe hita sannan a kunna ta.

Kwanakin farko a masauki

Cikin jariri ƙarami ne, don haka ana ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau uku zuwa biyar a yini. Abincin manyan da aka murje ya zama gari yana yi wa gupi da moli. Wanda ya fi shi gina jiki shi ne atemiya sabuwar ƙyanƙyasa, wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwan gishiri wadda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suka sani sosai, ƙwanta yana fashewa cikin awa 24 zuwa 36 a ruwan gishiri mai iska. Gwaiduwar dafaffen ƙwai ma suna ci, sai dai tana ɓata ruwa da sauri, abin da ya maƙale a kan tsinken sakace ya ishi jarirai ashirin. Duk ranar da babu wuta kuma babu famfon batir, ka rage abincin, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana mayarwa daga ɗan sama a gefen da ba su, domin iska ta shiga.

Kowane kwana biyu ka zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo, ka canza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan, ka kuma duba bokitin da tocila kafin ka zubar. Ana mayar da su babban akwati ne idan sun fi ƙarfin bakin kifi mafi girma a ciki, wanda ga gupi yakan kama mako huɗu zuwa shida, tsawonsu ya kai santimita ɗaya da rabi ko biyu. A daidai wannan lokaci ne kuma ake fara bambance maza da mata, idan ba ka son haihuwa ta yi maka yawa sai ka raba su tun kafin su kai wata biyu.

Waɗanda suka yi maka yawa ka ba wa masu sha'awar kiwon, ko ka tambayi mai shagon da ka sayi iyayen ko zai karɓa. Kada ka zuba su a kwata, ko rafi, ko Kogin Kaduna. Asalin gupi daga arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne, kuma a ƙasashe da dama da aka sake shi don ya ci tsutsar sauro ya yaɗu ya takura wa ƙananan kifayen wurin. Ranar da za ka kai su, ka hana su abinci tun daren da ya gabace ta, ka zuba ruwan masaukinsu kashi ɗaya cikin uku na leda, sauran kashi biyun iska, ka ɗaure bakin sosai, ka sa ledar cikin kwali ko kula don rana da iskar hanya kada su taɓa ta.